Ƙarfe Huɗun Belmiro

A takardar da ke rataye a ƙafar gadonsa
an rubuta: ɗaki na tara, shekara tamanin da shida,
ciwon suga, hawan jini, mantuwa,
ba ya barci, yana damun mutane da dare.
A ƙasa, da jan biro: a ƙara masa ƙwaya.

Ni Graciete, ni ke aikin dare
a gidan tsofaffin nan na kan tudu,
bakin teku, arewacin Fotugal,
inda iska ke shigowa da gishiri a bakinta.
Kullum ƙarfe huɗu sai in ji jan silifa,
in tarar da shi yana kokawa da ƙofa.
In ce, koma ka kwanta, Belmiro.
Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

Wata uku muna haka.
Ƙwayar ta mai da shi jiƙaƙƙen tsumma,
cokali na suɓuce masa da rana tsaka,
amma ƙarfe huɗu bai taɓa wuce shi ba.

Ran Lahadi ƙanwarsa Idalina ta zo
da gasasshen kifi ƙunshe a takarda.
Na kai mata ƙara. Ta yi dariya har da tari.
Ta ce, yarinya, kin taɓa tambayarsa ina za shi?
Shekara hamsin da ɗaya, tun zakara bai buɗe baki ba,
shi ke fita ya dubi ruwa,
shi ke cewa a tura jirage ko a bar su kan yashi.
Maza arba'in na jiran bakinsa.
Kun kulle wa mutum ƙofar aikinsa,
kun sa mata suna ciwo.

Kunya ta rufe ni.
Na san sugansa na safe da na yamma,
na san ƙafar da ke kumbura,
ban san mutumin da ke tsaye a kanta ba.

Sai da na yi sawu uku kafin likita ya yarda.
Aka janye ƙwayar sannu a hankali,
aka juya gadon ya fuskanci taga.
Yanzu huɗu saura kwata nake ɗora gahawa, baƙa, ba suga,
in ɗauko masa tsohuwar hular ulu
wadda muka so zubarwa don wari,
mu fita baranda, hannunsa a kafaɗata.

Yakan yi shiru. Ya shaƙi iska. Ya lashi leɓe.
Ni ba abin da nake gani sai fitilar gaɓa.
Can sai ya ce, yau a fita.
Ko ya ce, yau kowa ya zauna ya ɗinke komarsa.
In ce, to, zan gaya musu.
Ya koma ya yi barci har tara.
An daina tashinsa don karin kumallon bakwai,
burodinsa na jiransa a rufe.

Ba warkewa ya yi ba.
Jiya da sunan marigayiyar matarsa ya kira ni,
yana tambaya ko yaran sun ci.
Allurar tana nan, ƙafar tana nan da kumburinta,
wani daren ya yi ta kuka, shi ma bai san dalili ba.

Amma ran Talata, sama tas,
taurari kamar an watsa gishiri,
ya ce, kada kowa ya fita.
Na yi murmushi a cikin duhu.
Kafin rana ta take, teku ta haukace,
ta kwashe kujerun masu sayar da kifi.
Na ruga in ba shi labari.
Na same shi da guntuwar koma a cinya,
yatsunsa na ɗaura ƙulli ba tare da ya duba ba.
Ya ɗago ya ce, ke kuma 'yar wa ce?

Na ciro takardar ƙafar gado.
A sama da ciwon suga, sama da komai,
na rubuta da hannuna:
Mai duba teku ne.
Yana fita aiki ƙarfe huɗu.